Ramin Ankara da kujerun Makka

Duk wanda ya bi ta unguwar Ridge a Ankara, babban birnin Ghana, kusa da majalisar dokoki, zai wuce wani makeken fili da aka kewaye da kwano. Babu komai a cikinsa sai rami da siminti da rodin da ya fara tsatsa, sai ruwan da ke kwanciya in damina ta sauka. Nan ne aka ce za a gina babban cocin ƙasa. Tsohon shugaban Ghana Nana Akufo-Addo da bakinsa ya ce alkawari ya ɗaukar wa Ubangiji kafin zaɓen 2016, in ya ci zai gina masa ɗakin bauta. Ya ci zaɓen. A watan Maris na 2017 aka ƙaddamar da shirin, aka ba fitaccen mai zanen gine-ginen nan David Adjaye aikin zane, aka rushe gidajen alƙalai da ofishin fasfo da ke wurin, daga baya aka sa ranar 6 ga Maris 2024 za a buɗe. Da farko cewa aka yi gwamnati fili kawai za ta bayar da ɗan abin da za a fara aiki, sauran Kiristoci ne za su haɗa. Kafin aikin ya tsaya cak, kusan dala miliyan 58 sun fita daga baitulmali, ko bango ɗaya bai tashi ba.

Ni a Kumasi nake zaune, a Aboabo, kuma a majalisarmu ta bayan sallar isha'i babu wanda bai tofa albarkacin bakinsa a kan wannan rami ba. Kowa ya yarda ɓarna ce. Mutum ya yi wa Allah bakance shi kaɗai, sannan ya zo ya cika da kuɗin jama'a, har da kuɗin mai tallar koko a Alabar wadda ba ta taɓa shiga coci ba kuma ba za ta shiga ba. A kan wannan bakinmu ɗaya ne. Inda muke rabuwa shi ne idan na ce to kujerun Makka fa? Nan take fuskoki ke sauyawa. Wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai ya taɓa ce min, "Ɗana, kar ka haɗa Hajji da wannan abin. Su sun sami nasu, mu ma a bar mu mu sami namu." Na ce, "Baba Alhaji, ai da wannan maganar taka suka sami nasun."

Ba shaci-faɗi na yi masa ba. Wani ɗan jam'iyyar CPP, James Kwabena Bomfeh, ya kai gwamnati kotun ƙoli yana cewa ba huruminta ba ne ta shiga ginin coci, ba kuma huruminta ba ne ta kafa hukumar alhazai tana ɗaukar ɗawainiyar Hajji. A ƙara ɗaya ya haɗa su. A watan Janairu na 2019 kotun ta kori ƙarar, ta ce tsarin mulki bai hana gwamnati tallafa wa addinai ba. Wato hukunci ɗaya ne ya tsare mana hukumar alhazai, shi ne kuma ya share wa cocin hanya. Duk lokacin da aka taso masu cocin a gaba, amsarsu a shirye take: shekara nawa gwamnati ta yi tana hidimar Hajjin Musulmi, wa ya yi magana? Ban taɓa jin wani a zango ya iya mayar musu da martani mai gamsarwa ba, domin babu shi.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa, ba nisa tsakanin wannan rami da unguwar Kanda, inda babban masallacin ƙasa yake tsaye da hasumiyoyinsa huɗu. Gidauniyar Hudai ta Turkiyya ce ta gina shi da kuɗin masu bayarwa don Allah, aka buɗe shi a watan Yuli na 2021. Kuma a wannan shekarar ta 2021 babban limamin Ghana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya ɗauki sidi 50,000 ya kai gudummawa ga ginin cocin don zaman lafiya da maƙwabtaka. Wasu sun ji haushi, ni ban ji ba. Kyauta ce ya yi da hannunsa, bai sa hannu a aljihun kowa ba. Da haka aka bar aikin cocin tun farko, kowa ya ba da abin da ransa ya so, da ko dai an gina daidai ƙarfin masu so, ko kuma an gane tun da wuri cewa masu son ba su da yawa, an huta.

Yanzu mu koma gida, domin ramin da muke haƙawa a Najeriya ya fi na Ankara zurfi, sai dai namu ba a ganinsa da ido, kowace shekara jirgi ke tashi da shi.

A watan Mayu na 2024, wajen tashin jirgin farko na alhazai a Birnin Kebbi, mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya sanar cewa Shugaba Tinubu ya amince da naira biliyan 90 a matsayin tallafin Hajjin wannan shekara. Alhazan da suka tafi ta hannun jihohi dubu hamsin ne da 'yan kai, kowane ɗaya an biya masa sama da naira miliyan ɗaya da rabi ke nan. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, ba a kai shi 70,000 ba sai a watan Yuli. Lissafin ba wuya: ƙaramin ma'aikaci sai ya shekara huɗu da wani abu yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara abin da aka cika wa alhaji ɗaya. Kuma wannan alhajin mutum ne da ya riga ya iya ajiye kusan miliyan biyar. Bayan na tarayya, gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya ƙara wa kowane maniyyaci naira 500,000, wasu gwamnonin arewa ma suka yi nasu. Duk wannan yana faruwa ne ƙasa da shekara ɗaya bayan an janye tallafin mai an ce talaka ya ɗaure ciki, kuma a watan Maris da gwamnonin ke ta rabon nan aka shiga makarantar Kuriga a jihar Kaduna aka kora yara fiye da ɗari cikin daji.

Ina da gwaggo a wani ƙauye da ke yamma da Kano. Sana'arta matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma tun ina ƙarami burinta ɗaya a duniya, ta ga Ka'aba. Adashi take zubawa, in ta kwasa ta sayi tunkiya, in tumaki suka taru ta mayar da su sa, ta ba wani Bafulatani kiwo. A 2023 kujera tana wajen miliyan uku, tana ganin saura ƙiris. Shekara na zagayowa aka ce miliyan biyar, kafin ta gama jimami aka ce wanda bai biya da wuri ba sai ya kawo sama da takwas. Da na kira ta muka gaisa, na ce, "Gwaggo, ya maganar tafiya?" Ta ce, "Ɗan nan, kujerar gudu take yi, ni kuwa ƙafata ta tsufa. In da rabo Allah zai kira." Ko sisin kwabo na biliyan 90 ɗin nan bai iso gare ta ba, domin tallafin na wanda ya riga ya kai bakin ƙofa ne. Amma ta biya nata kason. Ta biya shi a kuɗin gyaɗa, ta biya a kuɗin niƙa, ta biya a kuɗin motar kai mai kasuwa. Idan ana maganar tallafin Hajji ita nake tunawa, shi ya sa ba na iya kallonsa a matsayin alheri.

Na san hujjar masu kare tallafin, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa ai gwamnati ce ta karya naira. A watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, aka sake ta a watan Yuni, kafin Maris na 2024 ta haura 1,500. Mutane sun biya kuɗinsu bisa amana, tun da laifin gwamnati ne, sai ta cika. Na yarda laifin gwamnati ne. Gwamnatin Buhari ta ci bashin babban banki har naira tiriliyan 22.7, wanda a zahiri buga kuɗi ne ba tare da dukiyar da ta tsaya masa ba, majalisa kuma ta sa masa hannu ana gab da sauka. Amma faɗuwar naira ba maniyyata kaɗai ta doka ba. Ta doki mai ciwon suga da ke sayen allura, ta doki manomi wajen taki, ta doki mai ɗinki wajen yadi da zare. Cikin duk waɗannan, me ya sa sai mai miliyan biyar a hannu aka zaɓa a share wa hawaye? Kuma ba yau aka fara ba. A 2016, lokacin da masana'antu ke rufewa saboda rashin dala, babban banki ya ba alhazai guzuri a kan naira 197, alhali kowa na sayen ta sama da 300.

Ta fuskar addini ma ban ga madogara ba. Ayar da ta wajabta Hajji a suratu Ali Imrana ta ɗora shi ne a kan wanda ya sami ikon zuwa, kuma kowane ɗan makarantar allo da ya kai ga littattafan fiƙihu ya san wannan. Wanda ba shi da guzuri babu laifi a kansa. Allah bai ɗora masa ba, don me gwamna zai ɗora wa marayu da zawarawa nauyin kai shi? A Indiya, inda gwamnati ta daɗe tana tallafa wa jirgin alhazai, kotun ƙoli a 2012 ta umarci a janye tallafin sannu a hankali, alƙalin da ya rubuta hukuncin Musulmi ne, kuma da wannan aya ya kafa hujja. A 2018 aka soke shi gaba ɗaya, Musulmin Indiya kuma ba su daina zuwa Makka ba. A gida ma taron ƙasa na 2014 ya ba da shawarar gwamnati ta cire hannunta daga biya wa mutane Makka da Urushalima, Nasiru El-Rufa'i kuma ya daina biya a Kaduna tun 2015.

Mu Hausawa ne ya kamata mu fi kowa jin nauyin wannan roƙo, saboda tarihinmu. Kakanninmu a ƙafa suka riƙa bin hanyar gabas, ta Barno da Wadai da Darfur, su tsaya su yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira, su tara su ƙara gaba, wasu sai bayan shekaru masu yawa suke dawowa, wasu su zauna can. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan shaida ne har yau. Da zamani ya sauya, 'yan kasuwa ne suka fara tsara tafiyar. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA a Kano, da motocinsu, daga baya da jiragen haya. Sai a 1975 gwamnatin soja ta kafa hukumar alhazai ta tarayya. Haka zangunan nan na Ghana da muke zaune a ciki. Fataken goro ne suka kafa su, daga Salaga zuwa Kumasi, suka gina masallatansu, suka ɗauki nauyin malamansu, suka sauki baƙi, ba ma'aikatar da ta ware musu kasafi. Alhasan Ɗantata kansa a wannan hanya ta goro ya kafa arzikinsa. Jikokin waɗannan mutane ne yau suke layi a ƙofar ɗan majalisa suna neman a sa sunansu a jerin kujeru.

Kuma kujerar nan ba kyauta ba ce, ko ga wanda ya samu. Kowa ya san su wa ake rubutawa a jerin gwamnati: shugabannin jam'iyya na mazaɓu, 'yan jagaliyar da suka yi aiki ranar zaɓe, masu yabon gwamna a rediyo da Facebook, sai malamai da ake kira masu faɗakarwa, wasu sun je sun sake zuwa har ba sa iya ƙirgawa. Malamin da gwamna ya kai Makka bana, yana kuma sa ran baɗi, da wane baki zai hau mumbari ya ce asibitin garinsu ba magani? Ban ce duka haka suke ba, akwai waɗanda suka ƙi karɓa, Allah ya saka musu. Amma hannun da ke ba ka shi ne zai dawo ya ce kawo abin da za ka faɗa in duba. A 2025 gwamnan Neja Umaru Bago ya fito ya ce masu wa'azi su nemi lasisi, kuma su riƙa kawo huɗubarsu a tantance kafin su hau mumbari. Mutane suka yi ca a kansa, kuma sun yi daidai. Sai dai wanda ya yarda gwamnati ta zama uwar addini mai ciyarwa, zai yi wuya ya hana ta zama uba mai tsawatarwa. Inda kuɗi masu yawa suka taru ba mai su a kusa kuwa, an san abin da ke biyo baya. Ba a rufe watanni uku da sanar da biliyan 90 ɗin ba EFCC ta fara yi wa shugabannin NAHCON, hukumar alhazai ta Najeriya, tambayoyi a kansu, a watan Agusta kuma aka sauke shugaban hukumar, Jalal Arabi.

Abin da zama a Ghana ya nuna min shi ne yadda lissafin irin wannan kashe-kashe yake dawowa, da kuma ƙofar wanda yake ƙwanƙwasawa. Coci ba shi kaɗai ya karya Ghana ba, ɗan ƙaramin abu ne a cikin bashin da aka ciwo, amma halin da ya haife shi shi ne ya haifi sauran. Da kuɗi suka ƙare sai aka waiwayi wayar talaka. Aka kawo harajin tura kuɗi ta waya, wanda 'yan majalisa suka ba hamata iska a kansa a watan Disamba na 2021, ya fara aiki ranar 1 ga Mayu 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari. A nan MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ita ce bankin wanda ba shi da banki. Mai wake da shinkafa da ita take biyan mai kawo mata buhu, ɗan kaya a kasuwar Kejetia da ita yake aika wa uwarsa kuɗi a Bawku ko Wa. Na ga yadda layi ya yi tsawo a gaban masu lemar MoMo a kwanakin ƙarshe na Afrilu, kowa na cire kuɗinsa. Wata mai abinci a layinmu ta rubuta a kwali ta rataya cewa tsaba kawai take karɓa. Harajin bai tara ko kusa da abin da aka yi hasashe ba, aka rage shi zuwa kashi 1. Kafin ƙarshen shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, gwamnati ta ce ba za ta iya biyan bashin waje ba, ta kuma tilasta wa masu riƙe da takardun bashinta na cikin gida su karɓi sababbi masu ƙarancin riba da dogon wa'adi. Tsofaffin da suka zuba kuɗin sallamarsu a ciki suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, har da tsohuwar babbar jojin ƙasa Sophia Akuffo a cikinsu, riƙe da kwali. A watan Mayu na 2023 aka koma hannun IMF a kan dala biliyan 3.

Mutanen Ghana ba su manta ba. A zaɓen 7 ga Disamba 2024 jam'iyya mai mulki ta tsayar da Musulmi ɗan arewa, Mahamudu Bawumia, takarar shugaban ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba, kuma an yi ta shiga zanguna da maganar ɗan'uwanmu ne. John Mahama ya kayar da shi da sama da kashi 56 cikin ɗari, mazaɓar Asawase da muke ciki ma ba ta motsa daga jam'iyyar Mahama ba. A Afrilun 2025 aka soke harajin wayar, daga baya kuma aka rushe ofishin da ke kula da aikin cocin. Amma kada a ɗauka ina cewa Ghana ta warke. Shi ma Mahama da alkawarin rage kuɗin Hajji ya shiga zanguna, yana hawa aka sauke kujera daga sidi 75,000 zuwa 62,000, aka yi ta kabbara. Ban ji wanda ya tsaya ya tambaya ko ragin daga tsumulmular hukuma ya fito ko daga baitulmali ba. Bambancin da nake gani tsakanin nan da gida shi ne, a nan an sami ɗan majalisa irin Samuel Okudzeto Ablakwa da ya bi takardun cocin ɗaya bayan ɗaya yana bazawa, limaman coci da kansu suka riƙa ajiye muƙamansu a kwamitin amintattu, har hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa ta ce a binciki kuɗin. Kiristoci ne suka fi kowa tsananta wa aikin da aka ce don su ake yi. A wajenmu, Musulmin da ya soki tallafin Hajji sai a ce yana yaƙi da addini, shi ya sa masu ilimin da suka san gaskiyar maganar suke yin gum.

Ba cewa nake gwamnati ba ta da aiki a Hajji ba. Ita za ta zauna da Saudiyya kan yawan kujeru, ita za ta ba da fasfo cikin lokaci ba tare da cin hanci ba, ta tabbatar an yi rigakafi, ta tsaya wa ɗan ƙasa in ya shiga matsala a can. Kamfanin jirgin yawo da ya cinye kuɗin mutane, kuma akwai su, ta kama mai shi ta gurfanar da shi a yanke masa hukunci cikin watanni, ba shekaru ba. Waɗannan ayyuka ne da ba wanda zai iya yin su sai hukuma, kuma su ne aka fi yin sakaci da su, domin ba a ɗaukar hoto a kansu. Neman masauki da dafa abinci da sayen jaka da yadin alhazai kuwa, 'yan kasuwa su yi gasa a kai, maniyyaci ya zaɓa da kuɗinsa. Mai tarawa a hankali irin gwaggota, babban abin da take buƙata daga gwamnati shi ne a daina narkar da abin da ta tara.

A 2025 gwamnatin tarayya ba ta ba da tallafin ba, kujera ta kama sama da naira miliyan 8, kuma dubban mutane sun je sun dawo lafiya. Amma zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma na tabbata kujeru za su dawo cikin kayan kamfen, tare da buhunan azumi da auren gata. Abin da nake roƙon 'yan jarida da 'yan majalisar jihohinmu shi ne abu ɗaya mai sauƙi wanda dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta riga ta buɗe ƙofarsa: kowace jiha ta wallafa sunayen waɗanda ta biya wa Makka da Urushalima da kuɗin jama'a, da ƙaramar hukumar kowa, da sau nawa aka taɓa biya masa, da jimillar abin da aka kashe, a ajiye shi kusa da abin da aka saki a zahiri ga asibitocin karkara na wannan jiha a wannan shekara.